Masu Leƙowa da Masu Zama

'Yata Auta ta daɗe tana magana da waya kafin in tambaye ta wa ke biyan ta. Ba rashin damuwa ba ne. Na ga yarinya ta kama abu da gaske, kuma na san halin 'ya'yan yanzu, kana tambaya sai su ɗauka raini ne.

Ɗakin ɗinkinta wani ɗan lungu ne a bayan shagon mai gyaran waya, wanda duk layin ke kira Injiniya. Keke ɗaya, tebur ɗaya, dutsen guga, sai wata sanda mai ƙafa uku da take maƙala wayar a kai, da fitila zagayayya kamar bakin tukunya. Ba ta ɗinka sabo. Gyara take yi: zif da ya ƙi hawa, aljihun da ya huje, rigar da aka gada ta yi wa mutum yawa, kwat ɗin da asu ya ci. Tana gyarawa tana bayani. Fuskarta ba ta fitowa, hannuwanta ne kawai da muryarta.

Abin da ya sa na buɗe baki shi ne masana'antar ɗinka kayan 'yan makaranta da ke bayan gari. Sun ga aikinta, sun ce akwai gurbi, albashi duk wata, amma ta ba su amsa kafin su fara ɗinkin sabon zango. Mijinta mai gyaran wuta ne, mutum mai haƙuri, bai ce mata dole ba. Ya dai ce in abin wayar bai fara kawo komai ba zuwa lokacin, ta saki ɗakin ta karɓi aikin, tunda ita ma tana ganin yadda gidan yake. Ta amince da bakinta. Ni kuwa na san matsayin lungun nan a wurinta. Ta taɓa aiki a ƙarƙashin wasu, na ga yadda take dawowa kamar an matse ta an shanya. A lungun nan har waƙa take yi.

Wata rana da hantsi na je, na ja kujerar roba na zauna a bakin ƙofa, na ce ta yi mini bayani kamar tana yi wa ɗan ƙauye. Ta yi dariya, ta ce ai ni ne na zaga duniya, ita ce 'yar ƙauyen. Sannan ta ajiye almakashi ta fara.

Ta ce mai kallo ba ya biyan ko sisi. Masu talla ne ke biyan kamfanin manhajar don a saka tallarsu a gaban bidiyo ko a tsakiyarsa, kamfanin ya riƙe kasonsa, ya ba mai bidiyon nasa. Kuma kuɗin tallar ba ɗaya ba ne, ya danganta da wanda ke kallo, da inda yake, da abin da ake zaton zai iya saya.

Wannan bai ba ni wahala ba. Lokacin da nake tuƙin babbar mota, wani kamfanin sabulu ya taɓa biyan maigidanmu don a rubuta sunansu a jikin motocinsa. Motar da ke ratsa garuruwa da rana sun biya ta fiye da wadda ke bin daji, alhali ta dajin ta fi yin nisa. Idon da zai gani suka saya. Da na gaya mata haka ta ce to ai na gama karatun, saura in karɓi takarda.

Na ce to ina nata kason?

Nan fuskarta ta canja. Ta ce ba a fara rabawa da mutum sai ya cika sharuɗɗa biyu: yawan mabiya, da yawan awannin da mutane suka zauna suna kallonsa. Mabiya ta cika tuntuni, har sun yi rara. Awannin ne suka ƙi. Ta buɗe wani shafi ta nuna mini zane, wani layi da ya fara daga can sama, ya faɗo tsaye kamar mota ta saki burki a gangare, sannan ya kwanta a ƙasa yana jan ciki har ƙarshe. Ta ce saman nan mutanen da suka buɗe ne, ƙasan kuma waɗanda suka tsaya.

"Baba, ko zare ban gama sakawa a allura ba sun watse."

Ta ƙara da cewa, yadda ta fahimta, na'urar kamfanin tana lura da wannan. In ta ga mutane suna buɗewa suna gudu, sai ta ɗauka abin ba shi da daɗi, ta rage nuna wa baƙi. Ta gwada komai. Ta rage gaisuwa, ta canja fitila, ta fara nuna yagar tun daga farko. Layin yana nan yadda yake.

Na ƙura wa zanen ido. Abin da ya tsaya mini shi ne, duk bidiyon da ta buɗe, a wuri ɗaya ake faɗuwa. Ni na yi lodin fasinja kafin in koma ɗaukar kaya, kuma na san mutane ba sa sauka a wuri ɗaya sai in akwai dalili, ko kasuwa, ko mahaɗa, ko wani ya ce musu su sauka. Wanda abu bai yi masa ba, wani zai tafi da wuri, wani zai ɗan jure. Waɗannan kuwa kamar an busa musu usur.

Daga ranar abin ya shiga raina. Na fara tambaya a layin. Injiniya, da ƙaramin sukundireba a baki, ya ce duk ƙarya ce, kai ake ƙirgawa, kowane kai da farashinsa, sauran zancen kamfani ne don kada su biya. Mai aski ya ce a'a, yatsa ake biya, wannan alamar da ake dannawa, shi ya sa kowa ke roƙon ta. Mai sayar da caja ya rantse wani ɗan ƙanwarsa ya sayi mota da bidiyon kyanwa. Da na tambaye shi wace irin mota, ya ce bai gan ta ba tukuna. Kowa ya sani, kuma babu wanda aka taɓa biya.

Sai na zauna na kalli bidiyoyin da kaina, ɗaya bayan ɗaya, daga farko har ƙarshe, ko zan gano abin da ke korar mutane. Ban gano ba. Ni da ban taɓa riƙe allura ba sai don cire ƙaya, na samu kaina ina jiran in ga yadda ramin zai ɓace. Har na koyi cewa zif ba ya mutuwa da wuri, yawanci bakin ne ke buɗewa, a matse shi da filaya ya koma aiki.

Amsar ba a layin take ba, a falon yayata take.

Yayata ita ce Gwaggon Auta, kuma ita ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta, lokacin ni ina kan hanya wata da watanni. Ta yi aiki a asibiti har ta yi ritaya, a ƙofar ɗakin masu jinya. Ita ce mai korar 'yan dubiya. Har yau in ka daɗe a gidanta za ka ga tana kallon agogon bango, ko da ita ta kira ka. Dogo take ce mini tun muna yara, kuma har yanzu in na shiga sai ta ce in sunkuya kada in fasa mata fanka.

Ina zaune ina shan shayi wayarta ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta sa tabarau, ta ce 'yarta ta saki sabo. Na ji muryar Auta ta yi sallama, ta ce yau za mu gyara wuyan riga. Yaya ta amsa sallamar da ƙarfi kamar yarinyar na jin ta, ta danna yatsa, ta rufe. Sannan ta danna wani wuri, ta kai wayar bakinta ta yi saƙon murya. Ta ce jama'a Auta ta saki sabo, kowa ya je ya leƙa, a danna mata yatsa a fito, kada wani ya zauna ya cinye datarsa, Allah ya bar zumunci.

Na ajiye kofin a hankali. Na tambaye ta su wa take tura wa.

Ta fara lissafa mini da alfahari. Zaurukan hira ne na waya: na dangin wajen uba, na wajen uwa, na dangin marigayi mijinta, na tsofaffin ma'aikatan asibiti, na matan unguwa, na ƙungiyar masu ritaya. Kuma kowane zaure akwai wanda ta ɗora wa alhakin turawa gaba. Ta ce akwai wata 'yar ƙanwar kishiyar kakarmu da ta yi sati biyu ba ta leƙa ba, sai da ta kira ta ta ji ko lafiya. Tun ranar da yarinyar ta fara, babu bidiyon da ya wuce ba a yi masa gayya ba.

Na ce, ita ta taɓa kallon ɗaya har ƙarshe?

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce ita ɗinki za a koya mata? Ita da ta koya wa yarinyar riƙon allura? Zuwa ake yi don a ga fuskarka, a san kana tare da mutum. Mai aiki ba a zaunar masa. Ta ce shekara nawa ta yi tana fama da mutanen da ba su san wannan ba, su zo dubiya su baje kamar sun zo biki.

Na shanye shayina, na sunkuya na fita.

A hanya ina ta juya abin. Dariya na zo mini, tausayi na danne ta. Ga ɗaruruwan mutane sun fito don ƙauna, kowa ya yi abin da ya san ana yi wa ɗan'uwa, ita kuwa na'ura tana can tana rubuta cewa duk wanda ya shiga ɗakin yarinyar nan da gudu yake fita. Har na tsaya a bakin titi ina tunanin ko akwai wani mutum a kamfanin da ya taɓa zama ya yi tunanin irin Yaya.

Da na gaya wa Auta, sai ta buɗe wani shafin da ke nuna ta ina masu kallo ke shigowa. Mafi yawansu ta hanyar saƙon da aka tura musu ne. Ta ce ta daɗe tana ganin wannan, tana jin daɗi, tana cewa mutane na yaɗa aikinta. Ta san Gwaggo na turawa, ba ta san da umarnin fita ba, don an cire ta daga zauren dangi tun wata rigimar ankon da ba ta ɗinka ba. Ta dafe kai tana dariya.

Na ce to sai ta kira Gwaggonta ta yi mata bayani.

"Ni? In ce wa Gwaggo ta daina zuwa wurina? Baba, gara in tafi masana'antar."

Kuma da gaske take. Na san su biyun. Matar da ta yi mata wanka, ta yi mata kitso, ta sayar da 'yan kunnenta ta saya mata keken farko, ba za ta iya kallon idonta ta ce alherinki ne ke cutar da ni ba. Mijinta ma da aka gaya masa ya ce shi wuta yake gyarawa, amma wannan wayar ba zai taɓa ta da hannu ba.

Saura ni. Na kwana biyu ina shirya magana, yadda nake yi in zan shiga ofishin masu awon kaya da lodin da ya ɗan wuce. Na saya mata lemo da ayaba, na tafi da la'asar.

Na fara da nisa. Na ba ta labarin motar sabulu. Ta ce ta sha ji. Na ce to wannan kamfanin ba shiga yake ƙirgawa ba, zama yake ƙirgawa. Wanda ya leƙa ya fita, a wurinsu kamar ya ɗanɗana abinci ne ya ture kwanon. In mutum ɗaya ya yi, ba komai. In gari guda ya yi, sai a ce mai girkin ce ba ta iya ba, a daina aiko mata baƙi.

Yaya ba ta da saurin fushi, amma tana da saurin ganewa. Ta cire tabarau ta ninke.

"Dogo, fito fili. Cewa kake ni na hana yarinyar nan samu?"

Na ce ban ce ba. Na ce na'ura ce ba ta da tarbiyya, ba ta san dubiya ba.

Ta ce Auta ce ta aiko ni? Na ce ko kusa, ita cewa ta yi gara ta rufe ɗakin da a gaya miki. Wannan ya fi komai taɓa ta, na gani a bakinta. Ta juya ta kalli bango. Ta ce shi ke nan, ta ji, ba za ta ƙara ba, za ta gaya wa kowa ya zauna a gidansa. Ta ce dama tsufa haka yake, kana ganin kana taimako ashe tare hanya kake. Sannan ta kalli agogo.

Na gane sallama ce, amma na ƙi tashi. Na ce shayina bai huce ba. Na ciro wayata, na buɗe bidiyon wuyan rigar nan da ta leƙa rannan, na jingina ta da gwangwanin sukari, na ce ni dai zan ƙarasa kallona, da datata, ba da ta kowa ba.

Ta ɗauki lemo tana ɓarewa, ta ba wayar gefen fuska. Muryar Auta na ta tafiya a falon. Ta farke tsohon wuyan, ta juya shi, ta nuna yadda cikin yake sabo fil alhali wajen ya goge. Na lura ɓare lemon ya yi sanyi. Can wajen ƙarshe, inda kusan babu wanda ke kaiwa, Auta ta zo ƙulle zare. Na riga na san abin da za ta ce, don a duk bidiyon da ta yi ɗinkin hannu sai ta faɗe shi. Ta ce wannan ƙullin ba a makaranta ta koya ba, Gwaggonta ce ta koya mata tun tana tsayawa a kan kujera kafin ta kai tebur, kuma bai taɓa kwancewa ba.

Yaya ta mai da tabarau. Ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ce in ƙara mayarwa.

"Ba haka na koya mata ba," in ji ta. "Sau biyu ake zagayawa kafin a ja. Ita sau ɗaya ta yi. Kuma tana gaya wa duniya ni ce."

Ta tambaye ni tun yaushe take faɗin haka. Na ce tun farko. Ta miƙo mini rabin lemon, ta ce in tashi in tafi, dare zai yi mini.

Da safe saƙon Yaya ya zaga duk zaurukan. Wani ɗan'uwa ya kunna mini. Ta ce daga yau an soke leƙe. Wanda ke da abin gyara ko yake son koyo, ya je ya zauna har a tashi. Wanda ba shi da lokaci ya yi mata addu'a daga inda yake, ta isa. Ba ta ba da dalili ba, kuma babu wanda ya isa ya tambaya.

Bidiyon da Auta ta saki bayan nan ya ba ta tsoro. Da, kafin yamma mutane sun cika. Wannan karon har washegari 'yan tsiraru ne, kamar tasha ranar da aka yi ruwa. Ta ce mini Baba anya ba mu kashe abin gaba ɗaya ba. Na ce ta nuna mini layin. Ya canja. Ba ya faɗowa tsaye, gangara yake a hankali kamar hanya mai kyau. Mutanen kaɗan ne, amma suna zaune.

Ana cikin haka sai ga Yaya a layin, da rana tsaka, da jaka niƙi-niƙi. Injiniya ya miƙe tsaye ba tare da ya san dalili ba. Ta wuce shi, ta shiga lungun, ta zazzage jakar a kan tebur: siket, labule, rigunan jikoki, har da tsohuwar rigar aikinta ta asibiti. Auta ta durƙusa tana gaishe ta, ta kasa ɗaga ido.

"An ce zama ake ƙirgawa," in ji Yaya. "To ga ni. Ba ni kujera, ki ba ni allura, ki kunna abin naki."

Ranar aka ɗauki bidiyon da hannu huɗu, biyu masu santsi, biyu masu jijiya. Yaya ba ta san ana rage murya don waya ba, kuma ba ta san ana yanke kuskure ba. Ta ce Auta na riƙe allura kamar mai tsoron ta. Auta ta ce Gwaggo ai sau ɗaya ma yana riƙewa. Yaya ta ce yana riƙewa har ranar da mutum zai sunkuya a gaban surukansa. Suka ja zare, na Auta ya riƙe, na Yaya ma ya riƙe, kowa ta ce nata ya fi. Auta ta so ta yanke gardamar kafin ta saka. Na ce ta bar ta, ni dai da ita na fi jin daɗinsa.

Daga nan baƙi suka fara shigowa, ba ta hanyar saƙon kowa ba. Na'urar ce da kanta take kai musu. Auta na karanta mini abin da suke rubutawa. Wani gwauro ya ce ya gyara wandonsa na aiki a karon farko. Wata ta ce kakarta ma sau biyu take zagayawa. Wasu sun rubuta da harsunan da sai waya ta fassara. Aka rabu gida biyu, 'yan sau ɗaya da 'yan sau biyu, ana ta musu a ƙarƙashin bidiyon, Yaya na sa a karanta mata tana ƙirga nata mutanen.

Ko soke leƙen ne ya gyara, ko gardamar ce, ko kuwa dama lokacin abin ne ya yi, ban sani ba. Na tambayi Auta, ta ce ita ma ba za ta rantse ba, kamfanin ba ya buɗe cikinsa ga kowa. Injiniya ya ce ai shi ya faɗa tun farko. Ban tuna ya faɗa ba.

Ranar da masana'anta suka kira neman amsa, awannin ba su cika ba. Sun kusa, amma ba su cika ba, kuma ko sisi bai shigo ba. Alkawari kuwa alkawari ne. Auta ta kai wa mijinta wayar har inda yake aiki, ni na raka ta. Muka same shi a kan tsani. Ta ce ga yadda abin yake, in ya ce ta tafi za ta tafi. Ya sauko, ya goge hannu, ya daɗe yana kallon lambar awannin. Ya ce ta sake buɗewa. Ta sake, lambar ta ɗan motsa. Ya ce shi bai san bidiyo ba, amma ya san mita, kuma wannan tana juyawa ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ya ce gidan zai iya jurewa zuwa wani zangon, in ita za ta iya jure ganin an ba wata gurbin.

Ta kira su a nan gindin tsanin, ta yi godiya, ta ba da haƙuri. Kafin sati ya zagayo sun ɗauki wata.

Awannin sun cika bayan nan da 'yan makonni. Kuɗin farko da ya shigo bai kai rabin albashin masana'anta ba, kada in yi ƙarya. Abin da ya riƙe ɗakin a watannin nan shi ne jakunkunan da dangi suka fara kawowa, don tunda aka hana su leƙe a waya sai suka koma zuwa da ƙafa, kowa da yagaggen abinsa, kuma Yaya na bakin ƙofa tana tabbatar da babu wanda ya ce a yi masa don zumunci.

Ni kuwa abin bai sake ni ba. Da Auta ta nuna mini yadda kowane bidiyo ya kawo nasa, na ga na gardamar ƙulli, wanda ya fi kowanne jama'a, bai fi kawowa ba. Wani ɗan bidiyo ne na gyaran zif ɗin akwatin tafiya, wanda ba a ko yi musu a kansa ba, ya yi kusan kafaɗa da shi da mutane kaɗan. Auta ta ce wataƙila masu neman gyaran akwati matafiya ne, masu tallar jirgi da masauki kuwa sun fi masu tallar sabulu sakin hannu. Wataƙila, in ji ta.

Na kwana ina tunanin wannan. Da safe na jawo tsohon akwatina daga ƙarƙashin gado, wanda ya zaga ƙasashe tare da ni, hannunsa ya tsinke, zif ɗinsa ya daɗe da yin ritaya. Na kai lungun na ajiye a kan tebur, na ce a gwada a gani.

Yaya ta dube shi, ta dube ni. Ta ce wa Auta ta kunna wayar, amma ta kauda ta daga wajen Dogo, kada mutane su gudu.